Wayoyin Auta a Ɗakin Inna

Ƙanena, wanda duk gida muke kira Auta, ya samu buɗi a kasuwar Dawanau a shekarun da riɗi ya yi daraja. Ni ce babba a ɗakinmu, shi ne na ƙarshe, kuma tazarar da ke tsakaninmu mai yawa ce, don ni na goye shi har ya iya tafiya. Ina koyarwa a firamaren ƙauyen da nake aure, a yankin Tofa, ba nisa da namu. Tsakanin ƙauyukan biyu babu daji ko kaɗan, gona ce ke bin gona, sai gidaje jefi-jefi a gindin kuka da ɗorawa. Duk Juma'a idan an tashi makaranta nakan hau babur in je in gaida Inna, in share mata ɗaki, in wanke abin da ya taru.

Da Allah ya buɗa masa, Auta bai manta gida ba, wannan ba zan hana shi ba. Ya sa an haƙa mana rijiyar burtsatse, ya ɗora sola a kan rufi, ya canza kwanon da yake yoyo. Bayan haka ne ya ce zai gyara turakar Baba. Tun rasuwar Baba ɗakin yake a rufe, sai buhunan wake da ake jibgewa a ciki. Auta ya ce ɗakin kallo zai mayar da shi, ba irin na kan titi da ake shiga da kuɗi ba, nasa na kansa, inda shi da abokansa za su riƙa kallon ƙwallo da fina-finai idan ya zo ƙarshen mako. A gidan wani ubangidansa a birni ya ga irinsa. Raina bai so ba, amma da aka raba gado shi ɗakin ya faɗa wa, don haka na ƙyale shi.

Aka yi wa ɗakin filasta da siminti, aka shafa fenti ruwan toka, aka sa silin da tayil da labule masu kauri. Turakar nan a manne take da ɗakin Inna, bango ɗaya ne ya raba su, tsohon bangon ƙasa mai kauri da Baba ya gina tun kafin a haife ni. Ɓangaren Auta ya sha siminti. Ɓangaren Inna yana nan yadda yake, da farar ƙasar da take shafa masa kafin kowace Sallah.

Wata Juma'a na iso na tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa. Da na ɗauki tsintsiya na nufi ɗakinta sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ke, ki bi a hankali a bakin ƙofa." Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari.

Na ɗaga labule na tsaya. Bangon da gadonta yake jingine da shi an huda shi wuri-wuri. Daga wani babban rami a tsakiya, daidai saman matashinta, wayoyi ne suka fito dami guda, baƙaƙe da jajaye, suka rarrabu. Wasu suka yi dama, wasu hagu, an bi su da ƙananan ƙusoshi an kafe a jikin bango, sannan kowacce ta sake komawa ta wani ramin. Duk inda aka buga ƙusa ƙasar wurin ta ɓalle. Garin ƙasa ya zuba kan zanin gado da kan jeren tasoshinta da ta zo da su tun aurenta. Waya ɗaya kuma ta sauko ƙasa, ta bi gindin bango, ta gitta bakin ƙofa, ta fita waje ta zagaya bayan ɗakin.

Na fito na ce, "Inna, mene ne wannan?"

Ta ce, "Aikin Auta ne. Ya ce na ɗan lokaci ne."

"Ya tambaye ki kafin a huda?"

"Ya gaya min."

"Ya tambaye ki, ko ya gaya miki?"

Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe ta ce, "Ke dai kin cika bincike."

Mai wayarin da ya yi aikin yana cikin turaka yana ƙarasa ɗaure wani abu. Na san shi, ɗan wata unguwar Kiristoci ne da ke bayan gonakinmu, mahaifinsa da Baba sun sha yin gayya tare. Na tambaye shi yadda aka yi wayoyin talabijin suka ƙare a kan gadon tsohuwa. Ya ce sai da aka gama fenti Alhaji Auta ya sayo sifikoki, kuma ya ce ba ya son ganin waya ko ɗaya a ɗakin, ba ya kuma son a taɓa masa filasta. To talabijin a jikin wannan bangon take, sai aka huda ta bayanta, aka fitar da wayoyin ta ɗaya ɓangaren, aka dawo da su daidai inda kowace sifika za ta zauna. Wadda ta gitta ƙofa kuwa ta sifikokin baya ce.

Na ce, "Kai da ka san ɗakin wa ke ɗaya ɓangaren, hannunka ya iya riƙe injin hudawa?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ni abin da aka sa ni na yi."

Sai a lokacin na dubi ɗakin da kyau. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Bango sumul, babu tabo. Duk inda waya ta dawo an rufe ramin da wani ɗan farin murfi na roba irin na soket, mai ƙusoshi biyu ruwan zinare, sifikar kuma tana maƙale a kansa ta rufe ɗan guntun da ya fito. Wanda ya shigo zai ɗauka sautin daga cikin iska yake zuwa. Kyan nan shi ya fi ƙona min rai. An san yadda ake rufe rami ke nan. An san akwai murfi, an sayo shi, an auna, an ɗaure shi daidai ba karkace. Kuma ba a ga ya kamata a sayo ko guda ɗaya saboda ɗaya ɓangaren ba.

Bayan la'asar Auta ya iso a motarsa. Ko zama bai yi ba ya ja ni zuwa ɗakin, fuskarsa cike da murna kamar lokacin da yake yaro idan ya kamo fara ya kawo min.

Ya ce, "Yaya, kin ga aiki? Nemo min waya ɗaya a ɗakin nan."

Na ce, "Na riga na gan su. Suna saman gadon uwarka."

Ya yi dariya. "Ai Inna ba ta damu ba. Kuma wa ke shiga ɗakinta?"

Na ce, "Ita."

Ya ce na cika ɗaukar abu da zafi, za a gyara, akwai wata roba da ake rufe waya da ita, zai taho da ita daga birni. Na ce ba roba nake magana ba, a fitar da su gaba ɗaya, a fasa filastarsa a binne su a nasa ɓangaren. Ya dube ni kamar na ce a rushe masallaci. Ya ce, "Kin san wahalar da aka sha kafin fentin nan ya fito haka?" Daga nan wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana maganar farashin wake.

Na koma na kakkaɓe gadon, na sauke tasoshin ɗaya bayan ɗaya na goge, na mayar. Inna tana daga waje tana ce min kada in ja wayar yaro.

Robar ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne sauti. Akwai wata babbar sifika mai kama da akwati da aka ajiye a ƙasa, jingine da bangon, wadda aikinta ƙugi ne kawai. Idan aka kunna fim ɗin yaƙi, ko aka ci ƙwallo, bangon nan rawa yake yi. Tasoshin Inna su riƙa kaɗawa suna ƙara, ƙasa ta riƙa zubowa daga bakin ramukan. Wata Juma'a na tarar ta yayyaga tsohon zani ta cusa tsakanin tasa da tasa don su yi shiru. Ramukan kuma ta toshe su da tsumma, saboda kyankyasai sun samu gida, har an kashe kunama a ɗaya. Ta ɓangaren Auta babu abin da ke fita, murfi ya tare. Gaskiya idan an kira salla yakan sa a kashe, kuma ba ya kai dare yana kallo. Amma tsohuwar da ta saba kwanciya bayan azahar ta daina. Ranakun Asabar da Lahadi sai ta ɗauki tabarma ta koma gindin darbejiya, ta ce wai ɗakin ne da zafi.

Da ya shirya walimar buɗe ɗakin ya gayyato abokan kasuwancinsa daga Dawanau, aka ce in zo in taya girki. Na zo, da nufi a raina. A cikin baƙin akwai wani dattijon Alhaji, ubangidan Auta a harkar riɗi, wanda yake jin nauyinsa ƙwarai. Na san zai ce a kai shi ya gaida Inna. Da ya faɗa, Auta ya ce bari a kira ta ta fito. Na yi sauri na ce ƙafarta na ciwo, Alhaji ya shigo daga ciki. Na naɗe labulen gaba ɗaya don haske ya shiga.

Dattijon ya tsallake wayar bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaida Inna, suka yi addu'a. Sannan ya ɗaga kai. Na ga idonsa ya bi wayoyin daga babban ramin zuwa dama, ya dawo ya bi su zuwa hagu. Auta yana tsaye a bayansa yana sosa ƙeya. Ni kuwa ina jiran kalma ɗaya daga bakin babba.

Ya ce, "Au, ta nan ka bi da su? Kai, wannan dabara ce. Ni sai da aka farfasa min bango gaba ɗaya, aka sake fenti." Ya juya ya ce Auta ya haɗa shi da mai wayarin ɗin, akwai ɗakin da yake so a yi wa ɗansa.

Inna ta ce, "Ai yaron akwai basira, Alhaji."

Na koma madafa na zauna gaban tukunya. Matan da muke girki tare suka tambaye ni ko hayaƙi ne ya shiga idona, na ce e.

Da kaka abin da nake tsoro ya faru. Ƙusoshin da suka riƙe wayar bakin ƙofa sun daɗe da saki, don ƙasa ba ta riƙe ƙusa. Na sha mayar da su da dutse, su sake fita. Ina aji da hantsi maƙwabciyarmu ta kira ni ta ce in zo, Inna ta faɗi. Ta ɗauko ƙwaryar wake ne za ta kai shanya, wayar ta harɗe mata ƙafa, ta tafi gaba ɗaya ta dafa ƙasa da hannun dama. Kafin in iso har an kira maɗori. Na same ta a zaune an ɗaure hannun da karare, waken yana warwatse a bakin ƙofa kaji suna tsattsaga, wayar kuma ta yi baka ta taso daga ƙasa.

Abin da ta fara ce min shi ne, "In ya zo, tabarma ce ta taɗe ni."

Na ce, "Babu tabarma a wurin, Inna."

"Na ce miki tabarma ce. Kada ki tayar wa yaro hankali, yana tsakiyar saye."

Ya iso da yamma hankalinsa a tashe, ya durƙusa gabanta yana ta sannu. Ta ce masa tabarma ce. Ya ce gobe da safe zai kai ta asibiti a birni a ɗauki hoton hannun, ya kuma yi faɗa a kan tsofaffin tabarmin gidan, ya ce duk a ƙone su zai sayo darduma. Ina tsaye ina ji. Da ya tashi ya shiga ɗakin kallonsa don ya amsa waya, na bi shi na rufe ƙofa.

Na ce masa ba tabarma ba ce, wayarsa ce. Na ce matar nan a ɗakin nan ta haife shi, a kan gadon nan ta yi jinyarsa lokacin da ƙyanda ta kusa tafiya da shi, yau ya mayar da ɗakinta bayan gida na kayan wasansa. Na ce ya ji kunyar abokansa su ga waya a bango, bai ji kunyar uwarsa ta kwana ƙarƙashinta ba. Na faɗi wasu maganganun da suka fi waɗannan zafi, kuma har yau ban ga wadda zan janye ba. Na sa hannu na fizgi ɗaya daga cikin fararen murafun nan, ban iya cire shi ba, an ɗaure shi da kyau.

Idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauka magana ta shiga. Sai ya ce, "To me ya sa ba a gaya min wayar ta saki ba? Ke da kike zuwa duk mako, ai da kin faɗa."

Na buɗe ƙofa na fita, don in na tsaya zan iya marin mutum mai gemu.

Washegari ya kai ta asibiti, aka tabbatar tsagewar ƙashi ce, aka sa mata filasta. Ya turo mai wayarin ya ɗaga wayar ƙofar ya bi da ita ta saman ƙofar. Ya kuma aiko da wani ƙaton yadi mai furanni aka rataya a bangon ya rufe sauran. Wannan shi ne gyaran. Da na ce yaushe za a cire su, ya ce bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo.

Na ɗauki hutu a makaranta na dawo gida jinya. Ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki da farko, ni nake ɗaura mata zani. Amma makonnin farko da ƙyar take amsa min magana. Ta ce na sa yaro kuka a kan abin da ya riga ya faru, ta ce tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe magana. Idan ya kira waya kuwa muryarta har canzawa take, ta ce masa hannu ya yi sauƙi, ya kula da kasuwarsa, kada ya wahalar da kansa da zuwa. Ina zaune a gefenta da ƙwaryar kunu ina jira ta gama. Wannan ya ci min rai fiye da yadda zan iya faɗa mata, kuma ban faɗa ba.

Ya dakatar da kallo har aka cire filastar hannun. Satin da aka cire, aka dawo da ƙwallo. Hannun bai koma daidai ba. Ba ta ƙara iya dama fura da shi ba, kuma ɓarar gyaɗa sai da hagu.

Ba maganata ce ta kawo ƙarshen abin ba. Auta ya gama gininsa a birni, ya turo mota aka kwashe talabijin da sifikoki da kujeru. Turakar Baba ta koma wurin ajiye buhuna, wannan karon a kan tayil. Wayoyin kuwa aka bar su inda suke a bayan yadi mai furanni, ba sa ɗauke da komai, ba sa zuwa ko'ina.

Da aka ba mu dogon hutu na zo da filaya don datse wayoyin, na roƙi mata biyu na maƙwabta su taya ni kwaɓa ƙasar toshe ramukan. Muka fitar da gado da tasoshi tsakar gida, na sauke yadin. Bayansa gara ta yi hanya ta bi jikin wayoyin har sama. Na kama damin nan na tsakiya, na buɗe filaya zan datse, sai wayar Inna ta yi ƙara. Ashe da safe ta gaya masa za a yi aikin. Ta miƙo min ta ce yana son magana da ni.

Ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Don Allah kada a yanke wayoyin nan. Masu kyau ne, yanzu ba a samun irinsu. A zare su a hankali a naɗe min, zan sa a ɗakin sama."

Na miƙa wa Inna wayarta. Na sake ɗaukar filaya.

Inna ta ce, "Kin ji abin da ya ce."

Na ce, "Na ji."

"To ajiye wannan abin."

Na daɗe a tsaye da filayar a hannuna. Matan nan biyu suka daina kwaɓa ƙasa suna kallona. Sannan na ajiye. Sai da na zagaya turaka na kwance fararen murafun ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa kafin wayoyin su zaru. Muka ciro ƙusoshin, muka jawo su ta ramukan, dogaye ne fiye da yadda na zata. Inna ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne tana lura, tana cewa wannan ta murɗe, a warware ta, waccan a goge mata ƙasa. Ta sa na naɗe kowacce daban, na ɗaure da tsumma, na haɗa da murafun da ƙusoshinsu a cikin buhu. Da la'asar wani direban da ke ɗaukar wake zuwa Dawanau ya tsaya a ƙofar gida, na miƙa masa buhun na ce ya kai wa Alhaji Auta. Ya tambaya ko akwai saƙon baki, na ce babu.